Abin da Ya Rage na Jan Sa

Kun ga tulun nan, kada ma ku ce ba ku gan shi ba. Wasunku sun shiga ɗakin da ƙafarsu ranar yaye ɗalibai, wasu a hoto suka gani: tulun ƙarfe mai ƙaton ciki da siririn wuya, an ɗaga murfi, farin tururi yana malalowa ƙasa kamar madara ta tafaso. Kuka yi tafi, kuka ce ilimi ya ci gaba, kuka fita neman inda ake rabon lemo. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da buɗewar nan take yi wa abin da ke ciki.

Abin da ke ciki kuwa sa ne. Jan sa, gajere, daga irin shanun nan da kaska ba ta kayar da su, sammore ba ya kwantar da su, masu ƙoshi da busasshiyar ciyawa. Mutane suka raina su saboda ƙarancin nono, suka yi ta haɗa su da manyan shanun waje har irin ya narke. Kafin san ya mutu, wani tsohon malamin sashen kiwon dabbobi ya ɗebi maniyyinsa, ya ɗura a 'yan siraran tsinkayen roba, ya nutsar da su cikin ruwan naitirojin, ruwan da sanyinsa yake tsayar da rai cak ba tare da ya kashe shi ba. Tsohon malamin ya rasu. San yana nan yana barci a tulu.

Ƙaramar malamar sashen ce take kula da shi, har ɗalibai suka sa mata Uwar Tulu. Kowace safiya takan zura baƙar sanda ciki, ta zaro, ta kaɗa a iska, ta duba inda farin ƙanƙara ya tsaya don ta san ko ruwan ya ragu. A ɗan lokacin nan tururi yakan lulluɓe mata ƙafafu, ita kuma sai hankalinta ya tafi. Takan ga siminti ya zama fadama da sassafe, jajayen bayan shanu suna ɓullowa daga raɓa ɗaya bayan ɗaya, maruƙa suna tuntuɓe da ƙafafun iyayensu, har ta ji warin garke da ɗumin numfashi a hannunta. Sai ta mayar da murfi, fadamar ta koma ɗaki mai fanka ɗaya.

A aji, abu guda take nanata wa ɗalibai har sun haddace: tsinke ba ya hawowa sama da wuyan tulu. In za ka ɗauka, ka sunkuya ka ɗauko da hantsaki cikin sanyin, numfashi ɗaya, ka mayar da sauran. Duk tsinken da ya sha iskar ɗaki, ko bai narke ba, wani abu ya mutu a cikinsa.

Farfesa, shugaban sashen, ya fi kowa sanin wannan, don shi ya koya mata. Amma Farfesa yana son baƙi. In an zo daga ma'aikata, ko masu ba da tallafi, ko iyayen ɗalibai, sai ya jawo su ɗakin, ya kama mariƙin gwangwanin da tsinkayen suke ciki, ya ɗago shi sama har fuskarsa.

“Ku duba da kyau,” yakan ce, “garke guda ne a hannuna.”

“Farfesa, ɗan tsaya haka, hoton bai fita ba,” in ji wani baƙo.

Sai ya tsaya. Uwar Tulu tana gefe tana cizon leɓe. Ta yi magana a taro, ta yi a ofis, amsar ɗaya ce: ɗan lokaci ne, 'yata, ba abin da zai yi. In ta ce a yi amfani da tsinkayen, sai ya riƙe baki. Wannan gado ne, ba a taɓa shi sai kwamiti ya zauna. Kwamitin kuwa tun tana ɗaliba yake shirin zama.

Wata safiya kakanta ya kira ta a waya. Tsohon yana zaune a bakin gari da 'yan shanunsa, cikinsu akwai jar saniya guda, Gajera, wadda ya ƙi sayarwa ya kuma ƙi bari san waje ya kusance ta.

“Amarya, kin guje ni kin tare da tulu ko?”

“Ango, ai tulun ya fi ka haƙora. Lafiya da sassafe?”

“Gajera ce. Tun asuba take kuka, ta ƙi ci, tana hawan 'yan'uwanta. Kin ce in na ga haka in kira ki. To na kira. In mijin nata na cikin kwalba zai zo, yau ne. Ta tsufa, ban ce miki za ta sake nema ba.”

Ta sami Farfesa a ofis yana gyara hula, don washegari ma akwai baƙi. Ta gaya masa. Ya ce kwamiti. Ta ce Gajera ba ta san kwamiti ba, zuwa dare ta wuce.

“Farfesa, ka ce ɗagawar ba ta yi musu komai. Bari mu narkar da ɗaya mu duba. In suna lafiya, wallahi ba zan sake buɗe baki ba.”

“Kin san wanda aka narkar ba ya komawa.”

“Na sani. Gara mu yi asarar ɗaya mu san gaskiya.”

Ya dube ta ta saman tabarau. “Ke dai ba kya gajiya. Mu je, in huta da bakinki.”

Ta ɗauko tsinke ɗaya cikin numfashi ɗaya, ta jefa a ruwan ɗumi, ta goge, ta yanke bakinsa, ta ɗiga ɗigo a kan gilashi, ta tura ƙarƙashin madubin ƙara girma. Farfesa ya fara dubawa. Maniyyi mai rai, in ka kalle shi ta nan, kamar guguwa yake, yana juyawa yana tafasa. Ya daɗe a sunkuye, yana murɗa madubin gaba da baya. Da ya ɗago, sai ya matsa mata.

Ta sa ido. Fili ne fari mai faɗi, shiru, ƙwayoyin maniyyin sun zube ko'ina da jela a miƙe, kamar garken da annoba ta bi ta kansa. Ta yi ta zagaya filin a hankali. Can gefe ta ga ɗaya yana tafiya, yana kaɗa jela, yana ratsa gawawwakin 'yan'uwansa kamar mai neman hanyar gida. Ga wani a bayansa. Ga wasu 'yan kaɗan can ƙasa.

“Akwai masu rai,” ta ce. “Ba yawa, amma akwai.”

Farfesa ya zauna a kan kujerar ɗalibai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. “Ni na riƙe igiyar san nan ranar da malamina ya ɗiba,” ya ce. “Ina nuna shi ne don kada a manta da shi.” Ya nuna tulun da haɓa. “Ɗauki na ƙasan gwangwani, su ba su cika shan iska ba. Ki ɗura mata biyu. Baƙin gobe kuma su ɗauki hoton murfi.”

Suka ɗaure tulun da bel a kujerar baya kamar fasinja, ta ja motar a hankali, tana ba kowane rami haƙuri. La'asar ta yi lokacin da ta isa. Gajera tana ɗaure a turke a inuwa, idonta ya yi ja, kaka yana sosa mata wuya.

“Wannan ne angon? Ko ƙaho babu?”

“Riƙe mata jela, tsoho, ka bar surutu.”

Ta sa doguwar safar hannu, ta narkar, ta ɗura a bututun ƙarfe, ta lallaɓa har ta sami bakin mahaifa, ta tura a hankali. Tururin da ya fito daga tulun ya bi ƙasa ya lulluɓe kofaton saniyar, har na ɗan lokaci ta zama kamar tana tsaye a fadamar nan, cikin raɓa, da wasu a bayanta. Kaka ya daina zolaya, yana motsa baki da addu'a.

Lokacin da ya kamata Gajera ta sake neman sa ya zo ya wuce, tana ta tuƙarta ba ruwanta da kowa. Da Uwar Tulu ta koma ta duba, ta ji ɗan tayin a tafin hannunta, ɗan ƙulli mai santsi yana iyo cikin ɗumi.

Kada ku yi tafi, tafinku ne ya kawo mu nan. Maraƙi ɗaya ba garke ba ne, kuma tsinkayen da suka rage suna jiran jajayen shanu mata, waɗanda ba wanda ya san inda suka saura. Wataƙila akwai guda a bayan gidan kawunka, ko a turken gwaggonki, ana shirin kai ta kasuwa don ta yi gajarta. Ku tashi ku je ku duba da idonku. In kun same ta, ku hana a sayar, ku hana a haɗa ta da san waje, ku zo sashen ku ce a kira muku Uwar Tulu. In kun shigo ɗakin kuma, kada wanda ya ce a buɗe masa ya gani.