Igiyar Rijiyar Baba Maina

Abdulwahabu ya gama karatun sinadarai a jami'a, ya ƙara da horo a kan aikin rijiyoyin man fetur, sannan ya dawo ƙauyensu da ke kusa da Dungas ya zauna zaman jira. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, yana noman gero a gonar Baba Maina, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar uban. Ana cikin rani sai wani kamfani mai haƙar mai can gabas ya kira shi ganawa a buronsa, wato ofishinsa, na Damagaram. Injiniyan laka suke nema.

Da labari ya bazu, 'yan majalisar bakin masallaci suka samu abin yi.

"Duk wannan boko, ashe kwaɓa laka za ka yi? Da ka faɗa tun farko, ai da mun haɗa ka da magina."

Shi ya san abin da lakar take. Haɗa ta ake yi da awo, a tura ta cikin rami yayin haƙa. Ita ke riƙe bangon rami kada ya zube, ita ke fito da ɓarɓashin dutse, kuma nauyinta ne ke danne iskar gas kada ta taso ta kama da wuta. In ta yi ruwa-ruwa rijiya ta yi aman wuta, in ta yi nauyi fiye da kima ƙasa ta tsage ta shanye ta. Duk wannan yana kansa kamar Fatiha.

Ya kira Bukar, abokinsa tun suna lise, wato sakandare, wanda ya daɗe yana aiki a shantiye, filin haƙar mai, don ya ji irin tambayoyin da ake yi.

"Sarkin sunkuye," in ji Bukar, "lissafi ba zai kayar da kai ba. Wuyanka ne zai kayar da kai. Bari in gwada ka. Ni ne shef, shugaban haƙa. Laka ta fara ƙaruwa a tanki ba wanda ya ƙara ta, ka san gas ne ke turo ta. Ni kuma na ce a ci gaba da haƙa, tsayawa asara ce. Me za ka ce?"

"Sai in ce, ranka ya daɗe, da za a ɗan duba..."

"Kun ƙone. Kai da duk mutanen da ke kan injin, har da mai dafa muku shayi. A'a za ka ce, kana kallon ƙwayar idonsa. Da Faransanci ko da Hausa, kalma ɗaya ce. Ka taɓa faɗa wa wani babba ita?"



"Na san ba ka taɓa ba," in ji Bukar. "Je ka koya."

A gidajenmu ana koya wa yaro "to" kafin ya iya ɗaura wando. Tarbiyya ce mai kyau, wanda ya rasa ta ya yi asara. Amma akwai wurin da "to" take kashe mutum, kuma ba a nuna wa yaro wurin. Ana barinsa ya girma yana tsammani tsoro da ladabi uwa ɗaya ta haife su.

Abdulwahabu ya kama koyo. Ya tsaya bayan gida gaban jakin Baba Maina, ya dube shi cikin ido ya ce, "A'a, shef. A tsai da haƙa." Jaki ya kaɗa kunne. Inna Turai, matar Baba, ta leƙo ta kan danga tana riƙe da ƙwaryar dusa.

"Ɗan nan, in ka gama yi masa wa'azi ka ba shi abincinsa."

A kwanakin nan Baba Maina yana ƙara wa rijiyar garkarsa, lambun da yake noman rani, zurfi, don ruwa ya ja baya kuma albasa ta fara kwanciya. Ya ɗauko Bawa mai haƙar rijiya. Sama an jera zoben siminti tun da daɗewa, amma ƙasan da Bawa ke haƙa yanzu rairayi ne tsirara, ba abin da ke riƙe shi. Baba ya ce a fara cim ma ruwa tukuna, maganar zobe ta biyo baya.

Ana gobe Abdulwahabu zai tafi Damagaram, da hantsi, Baba ya aika a kira shi ya zo ya ja guga. Ya zo, ya kama igiya. Guga na farko ya fito da rairayi mai danshi. Na bayansa suka fara fitowa da rairayi mai gudu kamar kunu, kuma duk yawan abin da ake ja, Bawa na nan inda yake, rami bai ƙara zurfi ba. Abdulwahabu ya gane abin da ke faruwa. Abin da Bawa ke kwashewa daga ƙasa, bango ne ke zubo masa shi daga gefe, ta ƙarƙashin zoben ƙarshe. Ya dubi bakin rijiya, ya ga ƙasa ta ɗan lotsa ta gefen gabas, da wata siririyar tsaga da ba ta nan da safe.

"Baba," ya ce, yana kallon ƙafafunsa, "da za a ɗan duba..."

"Ja guga," in ji Baba Maina.

Ya ja. Daga can ƙasa Bawa yana 'yar waƙarsa yana cika wani.

Sai Abdulwahabu ya leƙa ya ce da ƙarfi, "Bawa, kama igiya ka fito yanzu." Yadda muryar ta fita ya sa Bawa bai tsaya tambaya ba. Ya hau, ya fito jiki duk rairayi, yana waige-waige ko maciji aka gani.

Abdulwahabu ya nuna musu tsagar, ya faɗi abin da ya gani. Masu garkar maƙwabta suka matso. Bawa ya taka wurin da ƙafa ya taɓe baki.

"Malam ɗan boko, tun kana goye nake shiga rami. Wannan ba komai ba ne."

"Ka ji," in ji Baba. "Koma, Bawa. Kai kuma riƙe masa igiya."

Abdulwahabu ya ɗaga kai. Rabon da ya dubi fuskar Baba sosai har ya manta. Sai yanzu ya ga girarsa ta yi fari.

"A'a, Baba."

Wuri ya yi tsit. Wani daga cikin maƙwabta ya yi tari.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Ba wanda zai shiga ramin nan sai an sa zobe."

"Rijiyarka ce?"

"Taka ce, Baba. Albasar ma taka ce. Ran Bawa ne ba naka ba."

Baba ya miƙa hannu zai karɓi igiyar. Abdulwahabu ya ja baya, ya kwance ta daga jikin icen da aka gitta, ya naɗe ta tsaf a kafaɗa, ya juya. Haka ya ratsa garkoki, ya bi ta bakin masallaci inda 'yan majalisa suka bi shi da ido, ya shiga ɗakinsa ya sa ta ƙarƙashin katifa. Igiya ba ta ƙare a gari ba, kowa ya sani. Amma bayan abin da aka faɗa gaban jama'a, ba mai son a ce tasa ce aka zura Bawa da ita. Aiki ya tsaya.

Rijiya kuwa ba ta rufta ba. Har la'asar tana nan tsaye, har magariba. Bawa ya yi ta yawo yana faɗin ɗan boko ya hana shi aikin yini saboda tsagar da ko tururuwa ba za ta shiga ba. Waɗanda suka yi tsit da hantsi, da yamma su suka fi kowa dariya.

Da safe Abdulwahabu ya sa rigarsa ta ganawa, ya ɗauki dosiyen takardunsa da igiyar. Inna Turai ta tare shi a tsakar gida.

"Ɗan nan, ba a tafiya neman arziki da fushin uba a baya. Ka shiga ka ce ka yi kuskure. Rijiya dai ga ta nan lafiya lau. Me zai rage ka?"

Ya shiga zaure. Baba na kan buzu yana jan carbi. Abdulwahabu ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye igiyar a gaban Baba.

"Baba, na ɗaga murya gaban mutane. Ka gafarce ni a kan wannan. Zan tafi, ina roƙon albarka."

Baba ya ci gaba da jan carbi, sai can ya ce, "Rijiyata ta rufta?"

"Ba ta rufta ba."

"To ka ce ba abin da ya same ta. Ka ce Bawa ya koma yau. Sai in sa maka albarka ka tafi."

Wannan mutum shi ya sayar da tumakinsa ya kai shi lise. Shi ya goya shi a moto zuwa likita a Magariya lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi. Abdulwahabu bai manta ko ɗaya ba, kuma kalmar da ake nema gare shi ƙarama ce, ya faɗe ta sau dubu a wannan zaure.

"A'a, Baba. Sai an sa zobe."

Baba ya juya fuska ga bango. Abdulwahabu ya jira har gwiwoyinsa suka gaji, sannan ya tashi ya fita. Inna Turai ta miƙa masa ƙullin gyaɗa.

Motar haya ta sauke shi Damagaram bayan azahar. A buron kamfanin mutum uku ne bayan tebur, na tsakiyarsu dattijo mai furfura, wanda aka ce shi ne shef na haƙa. Suka tambaye shi nauyin laka, kaurinta, abin da ake yi in ƙasa ta fara shanye ta. Ya amsa. Sannan dattijon ya jingina da kujera ya kawo tambayar Bukar kusan kalma da kalma.

"A'a, shef," in ji Abdulwahabu. "A tsai da haƙa, a rufe rijiya."

"Kowa ya iya faɗin haka a nan cikin sanyi," in ji dattijon. "To an tsaya. An duba, ba gas, ba komai. Ka ja mana asara, ma'aikata suna yi maka dariya, ni kuma ba na amsa gaisuwarka. Washegari ka sake ganin alamar nan. Sai yaya?"

Abdulwahabu ya dube shi. Girarsa ma ta yi fari.

"Wannan ba sai na yi tunani ba, shef. Akwai wata rijiya a garinmu, jiya na fitar da mutum daga cikinta. Tana nan tsaye, ba abin da ya same ta, kuma mai ita shi ya rene ni. Da safen nan ya sake tambayata, na sake ce masa a'a. In na koma na tarar ba a sa zobe ba, zan sake ɗauke igiyar."