Ruwan da Wule Ta Ƙi

Wule ta sunkuyar da kai, ta shinshina ruwan, ta yi huci, ta ja da baya har igiyar ta kusa kayar da ni cikin taɓo. Na ce mata ke dai an yi marar tausayi, tsohon da ya rene ki yana can kwance rai a hannun Allah, ke kina nan kina mana yanga. Ko kallona ba ta yi ba.

Wule saniyar maƙwabcina ce, Baba Manu. Ita kaɗai ta rage masa cikin garken da ɓarayin daji suka kore a Ruma. Da ita ya shigo Batsari, shi da 'yarsa Muhsina, suka kama gida katanga ɗaya da ni. Ni kuwa Adawiyya ƙosai nake toyawa, kuma tun rasuwar maigidana ba ni da mai ce mini ina za ki. Shi ya sa da ciwo ya kwantar da tsohon, jan saniya zuwa rafi ya faɗo kaina.

Rafin nan a bayan unguwarmu yake, yana da wani gurbi inda ruwa ke kwanciya har cikin rani. Da ƙuruciyata a nan muke ɗiba mu sha. Amma gari ya cika, wurin ya zama juji: leda, kwalabe, gwangwanaye, ga ruwan kwata, ga manoma da suka gama feshin maganin ciyawa sai su zo su ɗauraye tankinsu a ciki. Ruwan ya koma kore, warinsa har ɗaka. Ranar da Baba Manu ya fara kai Wule, ta ƙi sha. Dole ya koma bin layin famfo da bokiti, dattijon da ya shayar da garke guda a gulbi yana tsaye tsakanin mata saboda saniya ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai.

Sai kawai ya naɗe wando ya shiga gurbin da manjagara, kullum da hantsi. Masu zaman bakin hanya suka samu abin yi, wai Bafulatani ya rasa shanu ya koma kiwon leda. Bai taɓa tanka musu ba. Ni ya gaya wa, ina ba shi ƙosai ta kan katanga, cewa su a daji ba sa shan ruwan da saniya ta juya wa baya, kuma ranar da Wule ta sha, ranar yaran unguwa za su iya wanka a wurin ba fargaba.

A cikin ruwan wani tsohon gwangwani ya yanke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Na yi faɗa har na gaji. Ba a daɗe ba wuyansa ya sandare, haƙoransa suka datse. A asibiti aka yi masa allura, aka ce ciwon ya yi nisa, sai dai Katsina. Ya ce an tashe shi daga gidansa sau ɗaya, ya isa haka.

Kwanciyarsa ce ta kunyata unguwa. Yusha'u, wanda ya fi kowa ɗauraye tanki a wurin, shi ya tashi bayan sallar Juma'a ya kira gayya. Maza suka shiga da shebur da baro, aka yi ta kwasa, aka buɗe bakin kwalbatin da shara ta toshe, mai unguwa ya ce duk wanda aka sake gani da tankin feshi a rafi zai gamu da shi. Wurin ya yi fes a ido. Amma ga shi na kawo Wule ta ce ba ta san zancen ba.

Na juyo da ita gida, na san tambayar da ke jirana. Tun da ya kwanta ba ya tambayar komai sai ita. Muhsina ta tare ni a zaure, idanunta sun kumbura.

"Gwaggo, don Allah ki ce masa ta sha. Mene ne a ciki?"

Na ce mata ba ni za a haɗa baki da ni a sallami bawan Allah da ƙarya ba, kuma mutumin da ya tashi cikin shanu, daga kukan Wule ma zai gane. Yusha'u yana tsugune a wajen, ya kawo tasa dabarar: a hana ta bokiti wuni guda, ƙishi zai sa ta sha ko ba ta so. Wallahi har zuciyata ta kwanta da maganar. Sai muka ji gurnani daga ɗaki. Muka shiga. Tsohon ya tattara ƙarfinsa, maganar tana fita ta tsakanin haƙora.

"Kada ku sa mata ƙishi. Mai ƙishi ko guba sha yake. Ku ba ta bokitinta, sannan ku kai ta." Ya juyo da ido kaina. "Ta sha?"

"Ba ta sha ba tukuna, Baba Manu."

Ya rufe ido. Ban taɓa jin tsanar gaskiya irin ta ranar ba.

Daga nan sai kallon sama. Kowa ya san abin da ya rage a gurbin ya shige cikin laka, manjagara ba ta fitar da shi, sai ruwan sama ya zo ya wanke. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Shi kuma kullum jikin baya yake yi. Ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, sai Muhsina ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe. Ƙaramin motsi sai jikinsa ya miƙe ya ɗau rawa, har na ɗauke turmina na kai gidan ƙanwata don kada ya ji daka. In na ji shiru ta katanga hankalina ya tashi, in na ji motsi ma haka.

Ruwan ya sauko wata safiya kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya kawo jajir, ya bi ta kwalbatin da aka buɗe yana ruri. Na so in ja Wule a take, amma ruwa bai kwanta ba, sai washegari. Da hantsi na leƙa ɗakin, numfashinsa sama-sama. Na ba ta bokitinta kamar yadda ya ce, ina kallo tana sha ina jin kamar in fizge. Sannan muka tafi.

Ta tsaya a bakin gurbin. Ta shinshina nan, ta matsa ta shinshina can. Na saki igiyar gaba ɗaya, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ta taka cikin ruwan har gwiwa, ta tsaya tana kaɗa wutsiya, kamar ba ita ake jira ba. Can ta sa baki. Ina jin ƙarar haɗiyarta daga inda nake.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Ina jan ta tana ja na, zanina duk taɓo. Muna shan kwanar lungu na hango takalman maza a ƙofar gidan, Yusha'u yana shimfiɗa tabarma. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi saniyar, ya sunkuyar da kai. Na tsaya da igiyar a hannu, na san na makara.

Muhsina ta fito, ta lulluɓe kanta da mayafi. Ta zo ta kama bakin Wule da tafin hannunta, ta ji shi jiƙe da sanyin rafi. Ta daɗe a haka. Sannan ta dunƙule hannun a ƙirjinta don kada ya bushe, ta koma ɗakin da uban yake kwance.