Man Shanu a Bakin Tulun Iska

Kwana uku Nasiba ta yi tana wanke bakin tulun nan kamar mai wankan jariri. Duk Filinge an san ta da tsantseni, malamar kimiyya ce a lise, wato makarantar sakandare, amma a kan wannan tulu abin ya wuce tsantseni ya koma jaraba. Ko yayanta Kailu, mai walda, da shekara ashirin yana aiki da wuta, sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ta bar shi ya taɓa.

Injin roka take ƙerawa, ɗan ƙarami, tsawon taɓarya. Cikinsa kakin kyandir ne daskararre, shi ne abincin wutar. Tulun ƙarfen kuma iskar oksijin ce matse a ciki, ita ke hura wutar. Ba tashi sama zai yi ba, ɗaure shi za a yi a tsohon ramin tsakuwa bayan gari, a kunna daga nesa, a auna ƙarfinsa. Doka ɗaya Nasiba ke nanatawa har an gaji da ji: iskar nan ba ta shiri da maiƙo. Ɗigon mai kaɗai in ta buge shi da ƙarfi a bakin tulu, ba ta neman ashana, ƙarfen kansa sai ya ci wuta a hannun mai buɗewa.

Ran gwaji, da hantsi, Kailu ya ɗora kaya a amalanken jaki ya yi gaba. Ita ta tsaya karɓar takardar izini daga hukuma. Kafin ya tafi har ta ce masa, "Yaya, in ka isa ka ɗaura, ka buɗe kaɗan ka ji ko shina yoyo. Ni na wanke shi da hannuna, ba sai ka duba ba."

Da ta dawo gida ɗaukar littafinta, ta tarar da Inna Tambara zaune bakin rumbu tana ta murmushi ita kaɗai. Tambara ƙanwar mahaifiyarsu ce, ita ta raine su tun suna 'yan tatsitsi, kuma ita ba ta saki al'adar kakanninsu na ƙasar Kurfai ba. Sabuwar hauya, sabon turmi, sabuwar akala, babu abin da zai fara aiki a gidanta sai ta shafa masa man shanu ta kira sunayen magabata.

"Ke dai tafi abinki da kwanciyar rai," in ji tsohuwa. "Na gama miki aikin."

"Wane aiki, Inna?"

"Tulun naki mana. Ke da kinka iya boko, kin taɓa ganin an fidda sabon ƙarfe baki bushe? Da kina wanka na kwance ƙyallen da kinka ɗaure bakin da shi, na cusa mishi mai har can ciki da yatsa, na maida ɗaurin yadda kinka yi. Ko ke ba ki ganewa."

Littafin ya suɓuce daga hannun Nasiba. Ta dubi 'yar ƙwaryar man da ke gefen ƙafar tsohuwa, ga sawun yatsa a ciki.

"Innalillahi! Inna, kin kashe Kailu!"

Ba ta tsaya ganin fuskar tsohuwa ba. Ta danna lambarsa, wayar ta ce ba a samunsa. Ta sake, ta sake. Ina! Ramin tsakuwa gindin dutse yake, rezo na waya bai taɓa leƙa can ba, kuma ita da kanta ta zaɓi wurin saboda nisansa da mutane. Moto kuwa, wato babur, tun da aka hana hawansa a ƙasar nan saboda rashin tsaro, sai dai kallo a zaure. Ta tattare zane ta fita da gudu.

Malama guda, mai tabarau, tana sheƙa gudu ta tsakiyar kasuwa! Masu awon hatsi suka bi ta da ido, wata ta ƙwala mata kira ko lafiya. Ba ta waiwaya ba. Ta ratsa ta bayan makabarta, ta faɗa cikin yashin kwari inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Takalmi ɗaya ya tsinke, ta yar da ɗayan. Yashin ya ɗau zafi, ƙarangiya ta cika mata ƙafa, ba ta ma ji ba.

Kunnenta kawai take kasawa, ko za ta ji ƙarar fashewa. Tsoro ya cika ta. Jaki ya yi awa guda da tafiya. Sauke kaya, minti goma. Ɗaurawa, ashirin. Kailu ba mai nawa ba ne, kuma ita ce ta ce masa ba sai ya duba ba. Wani ya buga ganga ta ruwa can cikin lambu, ta durƙusa. Da ta gane ganga ce, ta miƙe tana kuka tana gudu, tana faɗin, "Allah ka tsare, Allah ka tsare, 'ya'yansa huɗu."

Da ta hau tudun ƙarshe ta hango jakin yana kiwo. Ga injin ɗaure, ga tulun tsaye. Ga Kailu a tsugune gabansa, maɓuɗi a hannu.

"Yaya! Kada ka taɓa! Ja da baya!"

Ya ji ta. Ya miƙe yana harararta, ransa a ɓace.

"Wa ya taɓa? Ai tun ɗazu nike nan rana na gasa ni kamar kilishi. Inna ta tare ni bakin ƙofa, ta sa na rantse da nonon da na sha ba ni buɗewa. Wai abin da anka sa wa albarka, hannun mai shi ka fara buɗe shi. Na yi kamar in karya, na ce tsohuwa ina za ta sani, sai na kasa. To ga ki, zo ki buɗe kayanki mu tafi."

Ya miƙa mata maɓuɗin. Ba ta karɓa ba, ta nuna masa ƙyallen da yatsa. Rana ta narkar da man, ya jiƙe farin ƙyallen, yana bin wuyan tulun a hankali. Kailu ya sunkuya ya sansana. Shi mai walda ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya ja da baya da baya har ya zauna daɓas a ƙasa, ya dubi hannunsa, sannan ya dubi nata. Ta gaya masa yadda Inna da bakinta ta ba ta labari.

"Da ba ta yi miki fahariya ba," ya ce a hankali, "ke za ki buɗe."

Suka koma can nesa gindin aduwa suka zauna. Gwaji dai ya fasu. Sai ga wata ta ɓullo kan tudu, ba kallabi, tana dogara sanda tana tangaɗi. Inna Tambara ce, ta biyo sawu duk tsawon hanyar nan, 'yar ƙwaryar man tana hannunta, ta manta ma tana riƙe da ita. Da ta ga Kailu ta tsaya cak, bakinta na motsi.

"Shina da rai?"

"Da raina, Inna. Rantsuwar da kinka sa ni ta riƙe ni."

Tsohuwa ta ɗaga ƙwaryar za ta rotsa ta da dutse. Nasiba ta yi wuf ta kama hannunta. Da fushinta ta zo, ta tanadi maganganu masu zafi tun daga kwari, amma da ta ga hawaye a fuskar da ta raine ta, duk suka tsere. Ta zauna a gabanta, ta miƙe ƙafafunta da suka farfashe suna jini.

"Kada ki zubar, Inna. Tulun nan ba shi shan mai har abada, ki riƙe wannan. Amma ni ina sha. Shafa mini nan."