Kumburin da Ya Dawo Bayan Godiya

Ranar da Nathaniel ya tsaya gaban jama'ar coci yana ba da shaida, ranar ya ɗaure kansa, shi kuwa bai sani ba.

Manomin doya ne a Nukkai, gonarsa tana hanyar Sunkani. Da damina muƙamuƙin 'yarsa Cynthia ya kumbura. Aka ce hangum ne, aka ce haƙori ne, kafin a ankara bakin yarinyar ya karkace, ko kunu da ƙyar take haɗiyewa.

A asibiti Dokta Hashim ya zaunar da shi. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace tana rabuwa biyu, da haka yaro yake girma. A cikinsu akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, su ke cewa a rabu, su ke cewa a tsaya. A wata ƙwaya ta jikin Cynthia zare ya tsinke ya manne a inda ba wurinsa ba, sai ta daina jin tsayawa, ita da duk waɗanda suka fito daga gare ta. Ciwon daji ke nan. Magani ta jijiya za a riƙa sa mata zango-zango, kuma ko kumburin ya sace kada a fasa zuwa, don waɗanda ido ba ya gani suna nan.

Zangon farko kawai, kumburin ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Cynthia ta ci tuwo har da neman ƙari. Matan zumuntar coci, waɗanda suka yi azumi tare da matarsa Dinatu, suka ce sai an yi godiya. Aka yi rawa zuwa gaban coci da doya da akuya, Nathaniel ya karɓi makirufo ya ce Ubangiji ya gama aikinsa. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce yana gona.

Ana cikin haƙar doya kumburin ya dawo, wannan karon har ƙarƙashin ido.

A cocinsu wanda ya ba da shaida ba ya janye ta, kamar karɓe godiya ne daga hannun Allah. Dinatu ta ɗaure wa yarinyar fuska da ɗankwali, ta tsare ta a ɗaki, duk wanda ya tambaya ta ce ta tafi wurin kakarta. Nathaniel ya rasa inda zai sa kansa. A hanya ana tambayarsa yarinyar mu'ujiza, yana cewa lafiya lau. A gida yana jin numfashinta ta bayan labule.

Da ya ce zai mayar da ita asibiti, Dinatu ta tare ƙofa.

"Baban Cynthia, me zan gaya wa mata? Allah ya yi rabin aiki?"

"Ki ce ni ne. Bakina ne ya yi sauri, ba Allah ba."

Ya ɗauko yarinyar da rana tsaka, ya tsayar da keke napep. Mama Mabel, shugabar zumunta, ta ɗago hannu za ta gaishe su, ta ga fuskar, hannun ya sauka a hankali.

Dokta Hashim bai yi faɗa ba. Ya taɓa muƙamuƙin, ya danna cikin yarinyar. Daga baya ya ce ƙwayoyin da suka tsira ba su huta ba, suna ta rabuwa tun ranar da aka daina zuwa, kuma za a fara daga farko. Ko maganin zai sake kama su, ya ce shi ma bai sani ba tukuna.