Uwar da Ba Ta San Sunan Ɗiyarta Ba

Zulaihat ta sha jin ƙarya a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin wadda aka rubuta a takarda har aka buga mata hatimi ba sai ranar Litinin ɗin nan, a kotu, a Ƙaura.

Tsohon mijinta Kamalu, mai shagon tayoyi, shi ya kai ƙara. Shekara biyu da rabuwarsu bai ce uffan ba, sai rana tsaka ya tashi yana neman a karɓe ɗiyarsu Salima, 'yar shekara bakwai, a ba shi, wai uwar ba ta iya riƙo ba. Alƙali ya ce shi ba ya hukunci da an-ce-an-ce. Ya tura wani jami'in walwalar jama'a, Malam Namadi, ya je ya duba gidajen biyu ya kawo rahoto.

To, ya duba kam! Gidan Kamalu da hantsi ya shiga, bai fito ba sai bayan azahar. Ƙauyen Sakajiki kuwa, gidan su Zulaihat, da la'asar sakaliya ya iso a bayan babur ɗin ƙanen Kamalu, yana gyatsa, ga maiƙon zabo a gaban riga. Ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai taka ba. Daga tsaye ya zaro biro ya ce, "Mi sunan yarinyar?"

Zulaihat na durƙushe gaban uwarta da kawunta. Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Ɗiyar fari ce fa, jama'a! Wace mace ce mai kunya za ta kama sunan ɗiyarta ta fari, a gaban manya kuma? Tun ranar suna "ke" take ce mata, in abin ya yi tsanani ta ce "ke yarinya". Kakar ce ta amsa. Malam Namadi ya rubuta abin da ya rubuta, ya haye babur.

Abin da ya rubuta shi magatakarda ya miƙe ya karanta da babbar murya: uwar ba ta san sunan yarinyar ba, ko kuma ba ta damu da shi ba, ba ta kallon ta a ido, shawarar jami'i ita ce a mayar da yarinya ga ubanta.

Zulaihat ba ta san lokacin da ta zabura ba. "Allah gafarta Malam, wallahi zabo ya ci a gidan Kamalu! Na ga maiƙon da idona!"

"Ita ma ta ba ni ruwa na sha, Allah gafarta Malam," in ji Namadi, ko kunya babu.

Alƙali ya ce maiƙo ba hujja ba ne. Ya ba ta mako biyu ta kawo abin da zai nuna akwai son kai a rahoton, in ba haka ba kotu za ta yi aiki da shi.

Kwana uku Zulaihat ko loma ba ta wuce mata da daɗi. Ita da ke ɓoye wa yarinyar nan ƙanzo a ƙasan kwano, ita da ke bin ta a baya kullum safe har ƙofar firamare, taki goma tsakaninsu, kamar wadda hanya ce kawai ta haɗa su. Tana son ɗiyar nan fiye da numfashinta. Amma ta yaya ake ɗaukar wannan a kai gaban alƙali?

Ana cikin haka sai ga Goggo Yalwa, ƙanwar ubanta, ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba. Goggo Yalwa gyaɗa take kaiwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis, kuma babu zancen da ke wucewa tsakanin Ƙaura da Zurmi bai bi ta rumfarta ba. Ta zauna, aka zayyana mata komai tana tafa hannu tana salati, har aka zo kan sunan jami'in.

"Tsaya. Wane Namadi? Dogo, mai wushirya?"

"Shi."

"Mai tafiya kamar an sa masa sanda a baya?"

"Shi dai, Goggo."

Goggo Yalwa ta fashe da wata irin dariya, ta kife kan tabarma, ɗankwali ya yi gefe guda, kaji suka watse. Da ƙyar ta samu bakin magana. "Ɗan Hindu ne! Hindu mai daddawa ta Zurmi! Shekara ashirin rumfarmu na jere, ban taɓa jin sunan wanga yaro a bakinta ba. 'Wancan' take ce mishi. Shi ma ɗan fari ne, ja'iri!"

Zulaihat ta zuba mata ido. Sai ta ji wani abu ya taso mata daga ciki kamar tafasar kunu. Ta toshe baki, abin ya fito ta hanci. Kafin ka ce me, ita da goggonta sun riƙe juna suna tangaɗi a tsakar gida, uwarta na cewa su yi a hankali maƙwabta za su ɗauka aljanu ne. Ranar Zulaihat ta cinye malmalar tuwo biyu.

Alhamis da sassafe suka shiga motar Shinkafi don ganin Hindu. Sai a hanya tsoro ya dawo wa Zulaihat. Wace uwa ce za ta je kotu ta kunyata ɗan cikinta saboda baƙuwa? Goggo Yalwa ta ce, "Ba ki san Hindu ba."

Inna Hindu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, haƙora huɗu, ido kamar na shaho. Ta saurari labarin tana jera daddawa a faifai. Da aka zo kan abin da rahoton ya ce, hannunta ya tsaya.

"Wancan ne ya rubuta haka?"

"Shi, Inna."

"Da hannunsa? Cewa macen da ba ta kama sunan ɗanta ba ba ta son shi?" Ta ajiye faifan. "Ni da na goya shi daga Zurmi har Ƙaura a ƙasa, da ƙyanda ta kama shi, damina tsaka, ruwa har gwiwa? Ni ce ba ni son shi?"

"Ai ba ke ya rubuta ba, Inna, ni ce."

"Rufe min baki, ɗiyar nan, duk mu ya rubuta! Yaushe ne zaman?"

Zulaihat ta dawo gida ranar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta yi wa kwandastan mota addu'a, ta yi wa akuyar da aka ɗora mata a cinya addu'a. Duk sanda suka haɗa ido da Goggo Yalwa, ɗaya ta ce "wancan", shi ke nan sai dariya ta ɓarke, har wani dattijo a gaban mota ya waiwayo ya tambaya ko biki za su.

Ranar zama kotu ta cika, don Goggo Yalwa ba ta iya riƙe magana. Kamalu ya zo da hula sabuwa. Malam Namadi ya shigo da farar riga mai sitaci, fayil a hammata, yana gaisawa da mutane da yatsu biyu. Ƙamshin daddawa ne ya fara iso masa. Ya waiwaya. Ga uwarsa zaune a bencin mata, ta ɗora jakar leda a cinya.

Fayil ya suɓuce, takardu suka bazu. Ya zube ƙasa da rigarsa mai sitaci. "Inna! Lafiya? Mi ya kawo ki nan?"

Inna Hindu ta kau da kai ta ƙura wa bango ido.

Alƙali ya zauna, ya tambayi Zulaihat ko ta zo da hujja. Dariya ce ke cin ta, dole ta cije leɓe. Ta ce ta zo da shaida guda, kuma tambaya guda za ta yi mata. Aka kira tsohuwa ta fito.

"Inna," in ji Zulaihat, "mutumin nan mai farar riga, kin san shi?"

"Na san shi."

"Mi sunansa?"

Inna Hindu ta ja mayafi ta rufe baki.

Alƙali ya gyara tabarau. "Inna, kotu ce ke tambaya. Wane ne shi a wurinki?"

"Ni na haife shi, Allah gafarta Malam. Na fari ne."

"To, faɗi sunansa."

"Wancan?"

"Shi."

"Allah gafarta Malam, ka ɗaure ni."

Wani ya yi tari a baya, tarin da kowa ya san ba tari ba ne.

"Inna, suna kawai."

"Shekara arba'in da bakwai ban faɗa ba, sai yau a gaban maza? Ga hannuna, a kira ɗan sanda. Amma a aika Zurmi a kwashe min shanya kada ruwa ya zo."

Kotu ta ɓarke. Magatakarda ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Ɗan sandan bakin ƙofa ya buɗe baki zai ce a yi shiru, dariya ta riga shi fitowa. Alƙali kansa ya ɗaga wani babban littafi ya kare fuska, ya daɗe yana karatun da ba karatu ba. Da ya sauke, idonsa jawur.

"To, Malam Namadi," ya ce, "bisa ma'aunin da ka kawo mana, wannan baiwar Allah ba ta san ka ba, ba ta kallon ka, ba ta damu da kai ba. Yanzu wa kake ganin ya kamata mu ba riƙonka?"

"A ba Kamalu, Allah gafarta Malam!" Goggo Yalwa ta ƙwala daga benci. "Ya iya ciyar da shi!"

Sai da alƙali ya buga tebur sau uku, ya ce in ta ƙara zai sa a fitar da ita. Ta ce ta tuba, tana share hawaye.

Da wuri ya lafa, muryar alƙali ta sauya. Ya tambayi Namadi ko ya san kunyar ɗan fari kafin ya je Sakajiki. Namadi ya ce ya sani. Ya tambaye shi me ya hana shi rubuta haka a rahoton. Namadi ya dubi takalmansa, ya dubi silin. Zufa ta jiƙa sitacin nan sharkaf.

"Ko zabo ne, ko gaggawa ce, Allah ne masani, ni ban gani ba," in ji alƙali. "Abin da na gani shi ne ka san gaskiyar al'amari ka rubuta wani abu daban." Ya ce ya jingine rahoton, kuma zai rubuta wa shugabannin Namadi. Ya tambayi Kamalu ko yana da wata hujja. Kamalu ya murza sabuwar hularsa ya ce babu. Alƙali ya ce to riƙo na nan hannun uwa, uba ya riƙa zuwa ganin ɗiyarsa duk lokacin da ya so.

Ko ƙofa ba su gama fita ba Goggo Yalwa ta rangaɗa guɗa. Zulaihat ta rungume Inna Hindu ta ɗaga ta cak, tsohuwa na ihu a sauke ta kafin a karya mata ƙugu. Ta rungume mai sayar da ruwa, ta kusa rungumar ɗan sanda sai da uwarta ta fizgo ta. Ji take kamar ta yi gudu har Sakajiki da ƙafa.

Sai ta ji ana jan zanenta. Salima ce, wadda aka bari a inuwar darbejiya da kawu. Kowa na dariya ban da ita.

"Ke, mi ya faru? Mun ci nasara, gida za mu!"

Yarinyar ta yi ƙasa da murya. "Inna, ran nan ina bakin taga na ji mutumin nan ya karanta wai ba ki san sunana ba." Ta matso kusa. "In kin manta ne, in gaya miki. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Dariyar Zulaihat ta ɗauke ɗif. Ashe mako biyu ɗiyar nan na yawo da wannan magana a cikinta, ita kaɗai. Ta ɗaga kai. Ga uwarta, ga kawu, ga Goggo Yalwa, ga Inna Hindu da ta zaɓi ɗauri a kan ta kama suna, duk sun zuba mata ido. Fuskarta ta ɗauki zafi.

Ta durƙusa a cikin ƙasar nan, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu, ta dube ta tsakiyar ido.

"Salima," ta ce.

Yarinyar ta zaro ido. "Na'am?"

"Salima."

"Na'am, Inna."

"Lā ilāha illallāhu, 'yan zamani!" in ji Inna Hindu, ta toshe kunnuwa da yatsu, hawaye na bin kumatunta.

Zulaihat ta saɓa ɗiyarta a kafaɗa, ƙatuwa da ita, ƙafafu na reto har gwiwa, ta nufi tasha. Kowane taki biyar sai ta sake kira, yarinyar na amsawa tana ƙyalƙyala dariya a wuyanta. Har suka shiga mota ba ta daina ba, yarinyar ma ba ta gaji da amsawa ba.