Akwati Ɗaya, Asibiti Biyu

Da aka ce dole kowane ɗakin gaggawa na asibiti ya ajiye kayan aikin ceton yara, maigidanmu Dakta Nuhu bai tsaya wahalar da kansa ba. Ya kira abokinsa Dakta Harrison mai asibiti a unguwar Romi, suka haɗu suka tanadi akwati guda. Guda tak, asibiti biyu. Ranar da masu dubawa na gwamnati za su zo, a nuna musu a can, a kwaso a guje a nuna musu a namu na Makera. In kuwa suka same mu babu shi, kwaɗo za su garƙama wa ɗakin, ni da nake nas a ciki in tattara in koma gida.

Ni aka ɗora wa ɗaukowa, wai na fi kowa zafin nama. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki shatar Yohanna mai keke napep, muka laɓe bayan wani shagon gas a Romi, ina leƙe kamar ɓarauniyar kaza. Vicky, nas ɗin can kuma ƙawata tun makaranta, tana ta turo mini labari ta waya. Masu dubawa sun shigo, sun buɗe akwatin, wata mai gilashi ta ƙirga komai, har ta ce da ma kowa haka yake. Na yi dariya har Yohanna ya roƙe ni in rufa masa asiri.

Motarsu na fita muka kutsa ciki. Kai, kayan nan abin sha'awa ne. Robar numfashi ba ta fi murfin kofi ba, abin awon jini sai hannun 'yar tsana. Ja'irar Vicky ta ɗora roba ɗaya a hanci tana tiƙa rawa, ni ina binta da duka da gyale, dariya ta hana ni rufe akwatin. Yohanna yana ta danna ham, yana rantsuwa ya san lungun da zai fitar da mu ta unguwar Television kafin mutanen nan su gama cin abinci.

Mun cicciɓi akwatin ke nan mun kai ƙofa, wata mata ta faɗo ciki ba ko takalmi, da jaririya a hannu. Leɓen yarinyar ya yi baƙi, ƙirjinta yana lotsawa. Ban san lokacin da na dire akwatin ba. Vicky ta ciro robar da ta gama rawa da ita, ta goge, ta ɗora mata, ta zauna daram a 'yar fuskar. Ni na nemi jijiya da siririyar allura, na samu a karon farko.

Waya ta dame ni. Dakta Nuhu ne, wai masu dubawa sun iso, ina nake. Na ce masa kaya suna jikin yarinya. Ya ce in cire abin da ya samu in taho. Raina ya ɓaci, na ce ya zo ya cire da hannunsa, na kashe wayar. Da ta sake shigowa saƙo ne: sun sa kwaɗo.

A daidai nan yarinyar ta callara kuka. Ni da Vicky muka rungume juna muna tsalle muna dariya, hawaye na zuba, ga aiki ya tafi amma ko a jikina. Yohanna ma ya shigo yana tafi, bai san me ake yi wa murna ba.

Uwar ta kama hannuna biyu tana sa mini albarka.

"Sista, daga Makera fa na taho," ta ce. "Akwai asibiti a bakin layinmu, na wuce shi. Bara na kai musu yayan yarinyar nan, suka yi ta gwada masa robar manya, iska na fita ta gefe. A hannuna ya cika."

Asibitinmu take nufi. Ta tambaye ni ko na daɗe ina aiki a nan. Na ce mata e.