Ranar da Aka Hutar da Inna

Wai su sun zo su hutar da Inna. Hutu! Ni da nake kwana da ita nake tashi da ita tun da ciwon mantuwa ya kama ta, ba wanda ya ce mini ko da "ya kike gani?"

Abin da ba su sani ba, Inna da hannu take gane gidanta. Sunaye sun gudu mata, har nawa. Amma ka miƙa mata tsumma da faranti, ko ka ɗora mata tire ta tsince shinkafa, sai ka ga ta zauna daram, har tana faɗa wai an bar famfo yana ɗiga. Ran da hannunta ya zauna banza kuwa, sai ta hau kalle-kalle tana tambayar gidan wa ne nan. Shi ya sa da hutun ƙarshen shekara ya matso, za a taru a gida, na tsara mana abinmu: ni girki, ita goge kwanuka, in an sauke kuma ita za ta riƙe ludayi ta zuba wa kowa kamar yadda ta saba.

Sai ga Yaya, babbanmu, ya diro da mota cike da kulolin abincin saye. Matarsa ko jaka ba ta ajiye ba ta fara jan kujeru. Aka sauke labulen Inna aka rataya sabo, aka tura tsohuwar kujerarta mai yagaggen hannu bayan gida, aka manna balan-balan har jikin agogo.

Na ce, "Yaya, don Allah a bar mata kujerar nan, a kuma bar ta ta taɓa ɗan aiki. Garin neman gira za a rasa ido."

Ya ce, "Haba, ke kam! Muna raye uwarmu ta yi wanke-wanke ranar taro? Me mutane za su ce?"

Mutane dai. Su da ba su taɓa yi mata wanka ba.

Aka ɗaura mata sabon zani mai ƙaiƙayi, aka dasa ta tsakiyar falo kamar kayan ado. Ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin da aka yar, matar Yaya ta yi wuf ta riga ta: "A'a Inna, yau ke sarauniya ce." Ta yunƙura za ta leƙa kicin, Auta ya maida ita kujera. Sannan aka shiga wasan da na fi tsana a duniya. Kowa ya durƙusa gabanta yana washe baki, waya a sama: "Inna, wane ne ni? Kin gane ni?" Jarrabawa ake yi wa tsohuwa a ɗakinta, wallahi har da tafi in ta canka. Ita kuwa sai murmushin kunya take, tana murza bakin zanin. Raina ya ɓaci.

Na ɗauko ludayi na nufo ta. Yaya ya tare ni a ƙofar kicin ya karɓe, wai in daina neman a ce sun bar ta tana bauta. Da na buɗe baki sai ya ce ai dama so nake in nuna na fi kowa shan wahala. Na haɗiye maganata da ƙyar, don hayaniya na firgita Inna.

Da aka zuba mata abinci ta ɗan tsakura, irin cin baƙo, ta rufe farantin. Ta lalubi takalmanta ta sa, ta miƙe, ta rusuna wa Yaya, ɗan da ta goya a bayanta.

"Maigida, mun gode. Allah ya ƙara arziki, gidanku ya yi kyau."

Yaya ya yi dariyar yaƙe. "Inna, ai gidanki ne. Ni ne fa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kamo gefen rigata, ta rage murya don kar masu gida su ji.

"'Yar nan, taimaka ki raka ni gida. Na daɗe a nan. Yarana na can, ban ba su abinci ba."

Ga mu nan tsaye, 'ya'yan nata duka, kowa da cikakken faranti a hannu.